Rigar da Baba Ya Rama a Ingila

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi, lokacin da dawa ta fara fid da kai, kuma kafin rana ta take tsaka gidanmu ya cika maƙil da mutanen da suka rasa abin da za su faɗa. Maƙwabtanmu Musulmi sai su shigo zaure, su durƙusa, su fara "Allah ya ji..." sannan su tuna wanda ya mutu, su haɗiye sauran, su koma "Ya haƙuri? Allah ya ba da haƙuri." Ban ji haushinsu ba ko kaɗan, don na ga wasu suna share ido da hannun riga. Tsofaffin dangin kakata, waɗanda har yanzu suke kan al'adar Maguzawa, suka iso da guɗa tun daga bakin gona, suna tambaya ina makaɗa, ina tukwanen giya, ta yaya babba zai faɗi a bar gida shiru kamar jariri ne ya koma? 'Yan majami'armu kuwa suka zauna a tsakar gida suna waƙa, ba mai ba da baiti, don mai ba da baitin ne a kwance.

Ana cikin haka na zagaya bayan danga in ɗebo kara, sai na ji wata mata tana ce wa 'yar'uwarta, "Ai yanzu masu shi za su zo su kwashi kayansu."

Masu shi! Wai Turawa. Na gane muryar sarai, na kuma tuna daminar da zazzaɓi ya kusa tafiya da ɗanta, da abin da aka lulluɓe yaron da shi. Na cije leɓe na wuce, don gawar ubana ba ta huce ba. Amma maganar ta tsaya mini a ƙirji, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami yau. Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa shi da ƙanensa ba sa kama sunana, sai dai su ce "Uwata". Kowa a ƙauyen nan ya san bakina ba shi da linzami, to, yau ga ranarsa.

Matar ba ta yi ƙarya duka ba, don ana fitowa daga sallar azahar sai ga motar Baturen mishan tana tsalle a kan burtali, da akwatin gawa ɗaure a baya. Ya fito, ya cire hula, ya yi mana gaisuwa da Hausarsa mai kyau, don ya daɗe a ƙasar nan. Ya ce an gyara wa Baba wuri a maƙabartar mishan can kusa da Kano, jere da Turawan da suka mutu a bakin aiki, kuma za a sa masa rigar girmamawar da aka ba shi a Ingila. Ya faɗi haka yana jiran in yi godiya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Baba ya bar wasiyya. A gindin gawon gandu ya ce, kusa da uwarsa. Ba akwati, ba rigar Ingila. Farin saƙi ya ce."

Ya ce, "Gandun a hannun wa yake?"

Ya sani sarai. A hannun Baffa yake, ƙanen Baba, Musulmi, masaƙi, wanda rabonsa da taka ƙofar gidanmu tun ranar da Baba ya dawo daga Ingila. Da safen nan ma an aika masa, bai zo ba. Kuma duk wanda ya san ƙasarmu ya san ba mu da daji. Daga nan har Bici gona ce manne da gona, iyaka ɗan siririn layin gamba ne, a kan kunya ɗaya sai a kai ƙara gaban dagaci. Ba inda za ka haƙa rami ba tare da mai wuri ya ce to ba.

Bature ya ce, "Zan jira zuwa la'asar. In ɗan'uwansa ya ba da wuri, shi ke nan. In bai bayar ba, ba za mu bar bawan Allah ya kwana a tabarma ba."

Bari in bar shi zaune a inuwar cediya, in gaya muku wane ne ake wannan ja-in-ja a kansa.

Baba Bamaguje ne ɗan Bamaguje, bai kuwa taɓa ɓoye wannan ba. Yana saurayi wani tabo ya fito masa a baya, aka ce kuturta ce, aka kai shi asibitin kutare na mishan. Ya daɗe a can. Ya dawo da yatsu biyu na hannun hagu a lanƙwashe, da iya karatu, da Almasihu. Kafin ya dawo kuwa ƙanensa ya koyi saƙa wurin wani malami a Bici, ya musulunta a hannunsa. Kaka ta dubi wannan ta dubi wancan ta ce, "Ɗaya ya ɗauki buta, ɗaya ya ɗauki Lahadi. Ni ina nan inda kuka bar ni, duk wanda ya ji yunwa ya san hanya." Haka kuwa aka yi. Akushi ɗaya suke ci, wannan ya yi bisimilla, wancan ya runtse ido ya yi addu'arsa, Kaka tana musu tsiya wai tuwo zai huce kafin su gama gaisawa da Allah. Da ubansu ya mutu, Baba ya sakar wa Baffa gandu ya riƙe 'yar gayauna, ƙaramar gonar kansa, ya ce shi an ba shi wani aikin.

Majami'arsa ta fara ne a gindin ɗorawa, da 'yan kutaren da suka warke amma danginsu suka ƙi karɓarsu. Ƙararrawarmu tsohuwar garma ce da aka rataye a reshe, ana kwaɗa mata dutse. Shi yake ba da baitin waƙa, alhali muryarsa, Allah ya ba shi hutawa, ko akuya ta ji sai ta daina kiwo ta waigo. In wani ya fara hura hanci a taro, ko magana ta yi sama da yawa, sai ya ce, "To, a sauko a taɓa ƙasa." Da aka naɗa shi fasto mishan ta aiko masa da wando da kwat da farin abin wuya da cokali. Wandon ya ba wani kuturu, kwat ɗin ya ba mai gadin asibiti, cokalin Inna ta riƙa auna gishiri da shi. Ya ce, "Na karanta Littafi daga farko har ƙarshe, ban ga inda Almasihu ya ce in daina cin tuwo da hannu ba."

Kada ku ce waliyyi nake zana muku. Baba yana da taurin kai irin wanda ke gajiyar da mutane. Ya hana giya a gayyar gonarsa, matasa suka ƙaurace, ya gwammace ya yi noma shi kaɗai da hannu ɗaya da rabi har ya faɗi a kunya, da dai ya janye maganarsa. In ka ɓata masa rai ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, sai dai ya rufe bakinsa a kanka kamar an liƙe rumbu. Yana wa'azin gafara ranar Lahadi har mata su yi kuka, amma shi kansa gafarar tana masa wuyar haɗiya. Na sha gaya masa haka a fuskarsa, sai ya ce, "Uwata, kin fi mai sunanki faɗa."

Wata shekara Bature ya zo da albishir, wai manyan majami'a a Ingila sun ji labarin aikin Baba cikin kutare da manoma, suna so ya je su ba shi girma, su naɗa shi dattijo a babbar majami'arsu. Tambayar farko da Baba ya yi ita ce, "Da rani ko da damina?" Ya ce ko Sarkin Ingila ne da kansa ya kira shi, sai an kai dawa rumbu.

Wanda ya fi kowa ɗoki kuwa Baffa ne. Ya ce, "Yayana ba zai shiga ƙasar mutane kamar wanda aka tsinto a hanya ba." Ya ware audugar gandu mafi kyau, Inna da Goggo suka kaɗa zare har yatsunsu suka yi kanta, ya kai marina da kansa ya tsaya a kan masu rini. Ya ture aikin mutanen da suka ba shi saƙar rigunan Salla, wasu suka yi fushi suka koma wani wuri, ko a jikinsa. Ya saƙa saƙi shuɗi mai ɗigon fari, ya kai cikin birni aka yi masa aikin wuya. Ranar da Baba ya gwada rigar a tsakar gida, ya ɗaga hannayenta ya aza a kafaɗa, Goggo ta rangaɗa guɗa, Baffa kuwa ya zagaya shi yana ciccire zare yana cewa, "Yaya, ka miƙe mana, kada ka ba ni kunya."

Suka hau jirgin ƙasa a Kano shi da Bature, suka shiga na ruwa a Ikko. Abin da ya faru a can daga bakin Baba na ji shi, ba sau ɗaya ba, muna ɓarar gyaɗa yana kwaikwayon kowa. Ya ce bai taɓa ganin asarar fili irin teku ba. Ya ce a Ingila rana kamar an kifa mata faifai, abinci ba yaji ba daddawa, amma mutanen suna da kirki, har wata tsohuwa ta ga ƙafarsa ta saƙa masa safa.

Ana gobe taro, Bature ya buɗe akwatinsa ya zaro warki, fatar akuya irin wadda manomanmu ke ɗaurawa a gindi in za su gona. Ashe tun daga nan ya tafi da ita. Ya ce ga yadda aka shirya: Baba zai fara fitowa da warki, jama'a su ga yadda aka same shi cikin duhu, sannan a sa masa rigar girmamawa su ga yadda Allah ya mai da shi.

Baba ya karɓi warkin, ya jujjuya, ya sansana, ya ce jimar ma ba ta yi kyau ba. Sannan ya ce, "Bature, warki ba tsiraici ba ne, kayan aiki ne. Da shi ubana ya ci da mu. In akwai gona a cikin majami'ar taku, kawo garma in ɗaura. In babu, da rigar ƙanena zan shiga."

Bature ya ce ai in mutane suka gani za su fi tausayawa su taimaki asibiti.

Baba ya ce, "Su tausaya wa kutare don kutare ne, ba don sun ga cinyata ba."

Da rigar Baffa ya shiga. Ya ce majami'ar ta dutse ce, rufinta ya fi rimi tsawo, mutane kuwa sun fi kasuwar Bici ranar da ta ci. Babban limaminsu, wani dogon tsoho mai doguwar hula, ya yi addu'a, Baba ya durƙusa, don wannan ta Allah ce. Sannan tsohon ya ɗauko wata riga ja mai duhu, buɗaɗɗiya ta gaba kamar alkyabba, mai nauyi kamar bargo, ya yafa masa a kafaɗa. Baba ya ce nauyinta na sauka a kansa sai gabansa ya faɗi.

Su ba su san abin da suka yi ba, amma mu mun sani. A ƙasarmu in babba ya sa maka riga a gaban jama'a, ka zama nasa. Hakimi ya sa wa dagaci, dagaci ya sa wa baransa, attajiri ya sa wa yaronsa. Daga ranar in ya yi kira ka amsa, in ya yi tari ka ce sannu. Mayar da ita kuwa cin mutunci ne. Hanya ɗaya ce kawai ta fita, wadda tsara da tsara suke bi: in ya sa maka, ka sa masa.

Baba ya miƙe. Ya sauke jar rigar ya ninke ta da ladabi ya miƙa wa Bature, sannan ya kama saƙin Baffa ya tuɓe ta kai, ya tsaya daga shi sai taguwa da wando. Bature ya yi ja har kunne, yana raɗa masa da Hausa, "Fasto, ba a haka! Zauna!"

Baba ya ce, "A garinku. A namu ana yi. Gaya masa ya sa mini na gode, ga tawa zan sa masa. Ni ba nasa ba ne, shi ba nawa ba ne, dukanmu na Ubangiji ne."

Ko Bature ya fassara duka ko ya rage, Baba bai sani ba. Abin da ya sani, rigarmu ba a yafa ta, ta kai ake sa ta, wanda za a sa wa kuwa dole ya sunkuya. Tsohon ya dubi rigar, ya dubi Baba, ya yi murmushi, ya cire doguwar hularsa ya sunkuyar da kai. Baba ya zura masa. Hannayen rigar suka zuba har ƙasa, sai da Baba ya koya masa yadda ake naɗe su a kafaɗa. Majami'a ta ɗauki tafi, suna ganin baƙon Afirka ya kawo tsaraba. Mutum biyu ne kawai a ɗakin nan suka san abin da ya faru, ɗaya daga cikinsu kuwa bai ƙara yi wa Baba magana ba sai da jirgi ya yi nisa a teku.

Da a ce labarin ya tsaya nan, da na fi kowa murna.

Ranar da ya dawo, ƙauye duka ya taru a ƙofar gida. Ya sauko daga kan jaki da tsohuwar rigarsa ta kullum. Baffa ya rungume shi, ya ja da baya, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaya, ina rigar?"

Kafin Baba ya buɗe baki, wani mai azarɓaɓi ya riga ya buɗe akwati ya zaro jar rigar yana ɗagawa. Wani daga baya ya ce, "Af, an naɗa shi!" Aka yi dariya. Na ga fuskar Baffa ta canza.

Ya ce, "Ka tuɓe tawa ka sa tasu?"

Baba ya ce, "Zauna ka ji."

"Me zan ji? Na tura ka da suturar gidanmu, ka dawo baran Nasara."

Baba ya karɓi jar rigar ya mayar akwati ya rufe, ya ce, "Wanda ya kira ni bara a ƙofar gidan ubana ba zai ji labarina daga bakina ba." Shi ke nan fa. Uwa ɗaya uba ɗaya, danga ɗaya tsakaninsu, shekaru suka yi ta wucewa. In sun haɗu a burtali kowa ya kalli gonar da ke gefensa. 'Yan majami'a sun san labarin, amma duk wanda ya fara shi a gaban Baffa sai ya kaɗe riga ya tashi. Da Kaka ta rasu sun tsaya a bakin kabari ɗaya, a gindin gawon nan, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa ya haƙuri. Abin ya ci mini rai, ya kuma ci wa Baba, ko da yake da ya faɗa gara ya mutu. Na sha kama shi tsaye a jikin danga yana sauraren ƙarar masaƙar Baffa, in ya gan ni sai ya ce wai akuya yake nema.

Jar rigar kuwa bai taɓa sa ta ba, ko ranar Kirsimeti. Bature ya yi magana har ya gaji. Amma wata damina zazzaɓi ya kama wani tsohon kuturu yana karkarwa, aka rasa abin rufa, Baba ya ce, "Uwata, ɗauko abin nan na Ingila, ai an yi shi don sanyi ne." Tun daga nan ta sami aiki. Duk gidan da zazzaɓi ya shiga sai a aiko, "Wai a ba da bargon Ingila." Ta kwana a kan Kirista, ta kwana a kan Musulmi, ta kwana a kan matar mai tsafi. An haihu a kanta, an yi amai a kanta, wuta ta lashi gefenta a wani gida na yi mata maho da tsumma. Ɗan matar nan ta bayan danga ma a cikinta gumi ya karyo masa.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kira ni ya faɗi wasiyyar da na gaya wa Bature. Na ce, "Baba, gandu a hannun Baffa yake. In kira shi?" Ya juya fuska bango ya ce, "Ya san hanya."

To, mu koma ranar Talata. Na bar Bature a gindin cediya na yafa mayafi na zagaya gidan Baffa. Na same shi a rumfa zaune a masaƙa, ƙafafu suna aiki, ƙoshiya tana kai da kawowa, ko ɗaga kai bai yi ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a ciki.

Na ce, "Baffa, yayanka ya mutu."

"Na ji."

"Bature ya zo da akwati. In la'asar ta yi zai tafi da shi."

"Ai nasu ne."

Nan fa linzamin ya tsinke. Allah ya yafe mini, ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ran nan. Na dafe zaren da hannuna, masaƙa ta tsaya. Na ce, "Yau kam ba inda za ka tashi ka je, Baffa, sai ka ji. Shi ya rantse ba za ka ji daga bakinsa ba, ni ban rantse ba." Na zazzage masa duka, da warkin, da jar rigar, da abin da Baba ya ce a fassara, ina yi ina kuka ina share majina da bakin mayafi.

Ya ajiye ƙoshiya. Can ya ce, "Da hannunsa ya sa masa?"

"Da hannunsa."

"Ta kai?"

"Ta ina ake sa riga, Baffa?"

"Babban nasu ya sunkuya?"

"Har hula ya cire."

Sai ya yi wata irin dariya gajeriya, wadda ta ƙare da tari, ya juya mini baya ya ce, "Tafi, Uwata." Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na fito, na tabbata na ɓata komai da bakina.

Na tarar Bature ya sa an sauke akwati. Ya ce in kawo rigar girmamawa. Na ce ba ta gida, tana gidan mai unguwa a kan jikarsa. Aka je aka karɓo. Da na warware ta a gabansa, ga mahona, ga ƙuna, ga warin hayaki da na magani, sai ya riƙe ta da yatsu yana kallo kamar zai yi kuka. Ya ce, "Kun san ko mece ce wannan?" Wata tsohuwa daga cikin masu guɗa ta ce, "Yo bargon Ingila mana, wa bai san shi ba?"

Ladan ya kira la'asar. Bature ya dubi agogonsa, ya dube ni. 'Yan majami'a suka fara miƙewa, ba wanda ya iya haɗa ido da ni.

Sai mutanen zaure suka dare. Baffa ne, fartanya a kafaɗa, da ƙunshin farin saƙi a hammata, ɗinkakke, wankakke. Ni 'yar gidan masaƙa ce, na san irin wannan ba a gama shi a yini ɗaya. Tun Baba yana kwance aka fara shi, a masaƙar nan da yake saurare ta jikin danga.

Bai gai da kowa ba. Ya tsaya gaban Bature ya ce, "Bature, kai kana wurin. Gaskiya ne babbanku ya sunkuya wa yayana?"

Zan faɗi alherin mutumin nan, don bai yi ƙarya ba. Ya dubi Baffa ya ce, "Gaskiya ne, Malam."

"To, mai da akwatinka mota."

Wani dattijo cikin maƙwabta ya matso ya ce a hankali, "Malam, ka san fa ba a kan addininmu ya cika ba."

Baffa ya ce, "Na ce zan yi masa salla ne? Addu'arsa su yi irin tasu, ba ruwana. Amma ƙasar ubanmu ce, audugar gonarmu ce, cikin da ya haife ni shi ya haife shi."

Ya shiga ɗakin da Baba yake, na bi shi. Ya yaye zanen da muka rufa, ya tsaya yana kallon fuskar yayansa. Sannan ya durƙusa ya warware farin saƙin, ya fara naɗe shi da kansa, yana gyara hannun nan mai lanƙwasassun yatsu, yana ciccire zare kamar ranar da aka gwada waccan rigar.

Ya ce, "Yaya, sun sa maka ka rama. To, ga tawa. Wannan kam ba ka da halin ramawa, ka zama namu ke nan."

Muka kai shi gindin gawo, dawa tana shafar masu ɗauka ta kowane gefe. Baffa ya sare kunya uku na dawar da ta fara fid da kai, ya fara sara da hannunsa kafin matasa su karɓa. Bature ya karanta addu'ar binnewa da Hausa, mu muka yi waƙa, tsofaffin Kaka suka yi guɗarsu, Musulmi suka tsaya daga bakin gamba har aka gama, ba wanda ya tafi. Akwati ya koma Kano yadda ya zo.

Kafin ya tayar da mota Bature ya roƙe ni in ba shi jar rigar, a ajiye ta a mishan don tunawa da Baba. Na ce ya yi haƙuri, ba ta gama aiki ba, zazzaɓin yarinyar nan bai sauka ba. Na ninke ta na aza a ka na mayar gidan mai unguwa.

Ke kuma da kika yi magana a bayan danga, na san za a karanta miki wannan. Masu shi sun zo, kin gan su da idonki, fartanya ce a kafaɗarsu. In damina ta dawo zazzaɓi ya sake shiga gidanki, ki aiko, bargon yana nan.